Dinari Mai Haɓa Biyu

Kafin ƙararrawar coci ta tashi gari
na tsallake gadar Arno, hannu a hammata.
Shekara sha tara mai gadi ya san ni,
amma kullum sai ya lalube ni har cikin hula.

Ga uwar maƙera, ga guduma, ga hatimi:
fure a gefe guda, Yahaya a ɗayan.
Bugu ɗaya tak. In ka ƙara
fuskar waliyyi sai ta fito da haɓa biyu,
shugabanmu Lapo kuwa ba ya dariya.

An ce daga bayan teku zinariyar take,
bayan tekun ma akwai wani na rairayi,
raƙuma suka ɗauko ta, da gishiri aka saye ta.
Oho. Ni dai da sanyinta take iso ni,
ba ta ba ni labarin kowa.

Kakana azurfa ya buga, siririya kamar ɓawon albasa,
sai ka cika jaka kafin ka taya doki.
Yau ɗan abin da bai fi farcen babban yatsa ba
shi ke sayo ulu daga Ingila,
ya yi hayar mayaƙa, ya ba sarakuna bashi.
Ni, Bindo, ran Asabar da baƙin kwabo ake sallamata.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ghino da muke raba gurasa
ya kankare gefen guda bakwai da 'yar wuƙa.
Garin bai rufe gindin cokali ba.
Yanzu da hagu yake gaisawa a bakin kasuwa.

Ɗiyata Tessa ta ce, Baba, yaya ƙamshinta?
Na miƙa mata tafin hannu.
Ta shinshina, ta ce, gawayi ne da gumi.

Jiya ɗan canji ya kawo tsofaffi a narke.
Cikinsu na tsinci wani mai haɓa biyu,
da shatin haƙori, ya sha hannu har furen ya dushe.
Nawa ne. Na tuna ranar:
Tessa na zazzaɓi, hannuna na rawa.
Ya je Tunis ƙila, ko Ƙudus,
ni ko Pisa ban taɓa wucewa ba.

Na ɗan jinkirta da shi a tafina,
na ce, sannu da hanya.
Mai gadi ya yi gyaran murya.
Na jefa shi a wuta.