Faɗin Tafin Hannu

Ranar Talata, ƙarfe biyu, a kwalejinmu ta Iloilo,
ana kiran suna a bakin tafkin ninƙaya.
Ni ina kan benci, takalmina a ɗaure tam,
da sabon uzuri a aljihu:
yau mura, wancan sati kunne, mai zuwa haƙori.
Ɗan masunci ne ni daga Guimaras.
Wa zai yarda ɗan kada na gudun ruwa?

Malamin bara, usur ne makaminsa.
Ya busa, ya dubi agogo, ya zaro jan biro:
"Sumagaysay, sifili."
Ban ji haushinsa ba.
Sifili ba ya nutsar da mutum.

Bana sai ga Malama Gellada,
gajeruwa, tana ɗingisa ƙafar hagu,
rana ta cinye launin hularta.
Ba ta nemi takardar likita ba.
Ta sallami sauran cikin ruwa, ta zauna a gefe,
ta tsoma ƙafafu, ta yamutsa fuska:
"Kai, da sanyi. Zo ka taya ni mita."

Na kwance takalmi.
Darasin ranar ke nan.

Sati na uku maganar ta suɓuce mini:
yayana Dodong, kwalekwale, iskar watan Yuni,
kwana huɗu muna bin gaɓa da fitila,
silifas ƙafa ɗaya teku ta maido.
Ba ta ce in yi haƙuri ba, an cika mini kunne da shi.
Ta bar shirun ya sami wurin zama,
can ta ce, "Me kake karanta?"
Na ce lissafin kuɗi.
"To, ƙirga mini. Sa fuska a ruwa, hura,
ka gaya mini kumfa nawa."

Huɗu. Na ɗago ina tari.
Bakwai.
Goma sha ɗaya.
Ta rubuta a bayan hannunta
kamar mai kanti da littafin bashi.
Talata na zagayowa ta tare ni tun daga ƙofa:
"Sha ɗaya ka bari. Ina ragowar?"

Sai ga ni ina riga kowa zuwa. Ni!
Har ran Juma'a, da ba mu da darasi,
mai shara ya saba ganin tawul ɗina a kan waya.

Ranar kwanciya a kan ruwa
ta sa tafin hannu a tsakiyar bayana.
"Dubi rufi. Kwano nawa? Wanne ya yi tsatsa?"
Ina ƙirgawa, kunnuwana cike da wani irin shiru,
na kai ashirin da shida,
sai na hango ta can, taku uku daga gare ni,
hannu biyu harɗe a ƙirji.
Nan take na nutse, na sha ruwa, na zage ta a zuci.
Ta ce, "Tun kwano na tara na sake ka."

Ran jarrabawa faɗin tafkin na ƙetare, ba tsawonsa ba,
ni ne na ƙarshe, kamar akuya a kogi.
Marites da Benjie na dukan ruwa suna ihun sunana.
Makin tsira na samu, ko ɗigo ba ta ƙara ba.
"Ba na kyauta," in ji ta. "Guminka ne."

Da hutu na koma gida.
Da asuba na shiga teku, har gwiwa, har ƙugu.
Inna na bakin gaɓa da kwandon kifi a kai.
Ba ta kira ni ba. Ba ta kuma tafi ba.
Na kwanta.
Babu kwano a sama, babu abin ƙirgawa
sai tsuntsu ɗaya da ya ƙi tsayawa.

Ban yafe wa teku ba, kada a yi mini ƙarya.
Amma a tsakiyar bayana
akwai wani wuri, faɗin tafin hannu,
da ruwan bai iya sanyaya shi ba.