Tasa Ta Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Bappa Manu ya ja igiyar janareto sau uku
kafin ya amsa.
Ni kuwa tafina na kan akwatin ɗumi
kamar mai taɓa goshin yaro:
talatin da bakwai, don Allah kar ka sauka.

A ciki akwai tasoshi, kowace ba ta kai murfin kwalba ba,
a cikinsu kuma akwai ni.
Nan aka tsaga, bayan dantsena,
ɗan guntun fata, bai fi ƙwayar dawa ba.
Muka yi ta lallashinsa
har ya manta shi fata ne,
ya koma jinjirin da bai zaɓi sana'a ba tukuna.
Sannan muka ce masa: zama jijiya.
Mako bakwai ina shayar da shi
ruwa mai launin zoɓon da aka tsinka.

Leƙa madubi ka gani.
Sun miƙa zare kamar yaɗon kabewa mai neman danga,
wannan ta taɓo waccan,
waccan ta ƙyafta,
hira ta kankama ba harshe ba leɓe.

Babana tela ne a Tsohuwar Kasuwar Gombe.
Yakan zura zare a allura yana kallon mai ciniki.
Da tari ya kama shi aka ba shi ƙwayoyi, wata shida.
Tarin ya tafi, mun gode Allah,
amma bai tafi shi kaɗai ba.
Da fari ya ce tururuwa ke yawo a tafin ƙafarsa.
Daga baya kofin shayi ya suɓuce
bai san ya sake shi ba.
Kekensa na nan Jekadafari, an lulluɓe da tsohon zane,
kaza ma ta taɓa yin ƙwai a ƙarƙashinsa.

An gwada maganin, aka ce, a jikin ɓera.
To, ɓera na ɗinki ne?
Wa zai gaya wa cewa yatsansa ya yi shiru?

Daren yau wani sabo ne a hannuna,
ko suna bai samu ba, sai lamba.
Ɗigo kaɗan a tasar farko,
in ƙara a ta biyu, in ƙara a ta uku.
Har ta goma hira ba ta yanke ba.
A ta goma sha ɗaya
zaren ya yi ƙulli-ƙulli kamar carbi,
sannan ya tsinke.
Kowace ta janye hannunta, ta dunƙule.
Na ƙirga sau biyu. Na rubuta.

Da safe Dakta Lamela za ta cire tabarau,
ta daɗe tana goge shi da gefen riga.
Aikin shekara uku ke nan.
Zan taya ta jimami,
amma wani lungu na zuciyata zai yi guɗa a ɓoye.

Na sani, tasa ba ta da hanta,
ba ta azumi, ba ta tsufa, ba ta ɗaukar ciki.
Abin da ta faɗa ba shi ne ƙarshen magana ba.
Inna ma ta taɓa tambayata:
"Abin nan na cikin kwano, yana jin zafi?
Ranar tashi, da ke za a tashe shi?"
Na yi dariya a lokacin.
Yau dai na sassauta hannu wajen rufe murfin.

Ladanin Bolari ya fara kira.
Zan tarar da Baba zaune bakin gado,
rigarsa a buɗe, yana jiran mai sa masa maɓalli.
Zai ce, "Asabe, yaya 'ya'yan naki?"
In ce, "Sun ƙi maganin, Baba."
Zai dubi yatsunsa, ya juya su.
"Madalla," zai ce.
"Gara su, sun yi magana da wuri."