Abin da Ke Bayan Ƙashi

Da safe Hansai lafiyarta lau,
takan zura zare a allura ba ta ko duba ba.
La'asar na yi, sai fatar idonta ta sauko
kamar asabarin ɗakin da ba a son baƙo.
Allura ɗaya ta koma biyu.
Hular da ta karɓa tun farkon damina
tana nan cikin faifai, rabin zanen bai haɗe ba.
Tuwon dare ma sai ta huta a tsakiyar tauna.

A Harbo kowa likita ne.
Wannan ya ce sammu, waccan ta ce iska.
An jiƙa sassaƙe, an turara, an shafa,
ido dai bai tashi ba.

Buhun riɗi biyu da tunkiyar Inna
su suka kai mu Kano.

Na'urar kamar bakin rijiya ce da aka tayar tsaye,
fara fat, ɗakin da sanyi kamar cikin randa.
Aka ce ta cire sarƙa,
aka ɗura mata wani ruwa ta jijiya,
ta ce ɗuminsa ya kai mata har maƙogwaro.
Gado ya ja ta ciki sannu a hankali.
Wata murya ta ce, "Riƙe numfashi."
Ni da ke bayan ƙofa, ni ma na riƙe nawa.

Ba wuƙa, ba jini,
sai ga ƙirjin yayata a kan allo,
an yanka shi fale-fale kamar albasa.
Huhu baƙi, ƙashi fari.
Likita ta ɗora bakin biro
bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya:
wani dunƙule mai ruwan toka,
bai wuce ƙwallon goruba ba.

Ta faɗi sunansa, bai zauna a harshena ba.
Ta ce kowa da irinsa aka haife shi.
Shi ke koya wa dakarun jini, tun muna goye,
su san na gida, su san bare.
In mutum ya girma sai ya tsuke, ya koma kitse.
Na Hansai ya ƙi yin murabus, ya yi ƙari,
dakarun suka ruɗe,
suna tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka.

Na ce, "Mugu ne?"
Ta ce, "Gefensa sumul yake, bai kama maƙwabta ba.
Sauran magana sai an ciro shi an duba."

A mota, daidai gadar Wudil,
Hansai ta zaro hoton daga ambulan,
ta ɗaga shi saitin taga,
ta tallafe fatar idonta da yatsa ɗaya.
Kogi na wucewa ta cikin haƙarƙarinta.
Ta daɗe tana kallo.

"Shekara talatin da huɗu ina ɗauke da zuciyar nan,
sai yau muka gaisa."

Ta mayar da shi, ta danne da tafin hannu.
"In mun isa, ka je wurin Malam Nadabo.
Ka ce hularsa sai bayan aiki,
kuma kada ya kai wa wata."