Saƙon Mai Haƙar Rijiya ga Dakta Lantana

Sun ce an ba ki lambar yabo a wata ƙasa mai sanyi.
Jikana Sagiru ya nuna min a waya:
ga ki tsaye, ana tafi,
kin rungume wani gilashi mai siffar dutse.
Na ce masa, hannun nan da laka na san shi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan.
Ina gaba bakwai cikin ƙasa a Kurna
sai wani kai ya tare min rana.
Kika ce, Baba, in guga ya hau kada a zubar.
Na ce a raina, boko ya taɓa 'yar mutane.

Kika durƙusa kan tulin da muke takawa,
kina ware shi kamar mai tsintar shinkafa.
Jar ƙasa daban, marmara daban,
yumɓu mai danƙo, sai farin nan mai gari,
sai ruɓaɓɓen dutse inda ruwa ke kwana.
Kowanne da ledarsa, kowace leda da lamba.
Da na ga kin ɗora tsakuwa a harshe
na san ba wasa ya kawo ki ba,
don ubana ma haka yake yi.

Ke da waya da turakun ƙarfe,
kina sauraron ƙasa kamar likita da ƙirjin jariri.
Ni da tafin ƙafa da warin jiƙa.
Wata rana ki riga ni, wata rana in riga ki.

Rijiya ɗari huɗu muka leƙa,
daga gindin Dala har bayan Sharaɗa.
Kwalabe sun cika bayan tsohuwar motarki,
suna ƙara duk ramin da muka faɗa.
Ke kika ce ruwan garin nan yana sauka,
kamu guda, kamu guda, ba ya sallama.
Ke kika bi sawun ruwan jima
daga magudana zuwa randar mutane,
kika shafa jan fenti a bakin rijiya goma sha tara.

An zage ki, ina tsaye.
Wani mai sayar da ruwan burtsatse ya sako mana kare.
Wata tsohuwa ta ce kakanta ne ya haƙa,
wa ya aiko ki?
Ba ki tanka ba, kin dai koma washegari
da takarda, da jarka biyu ta ruwa mai kyau.

Su masu lamba ban sani ba ko sun ji labarin Rijiyar Zaki.
Kika ce gaba goma sha biyu, akwai ruwa.
Muka yi sati uku, muka tarar da dutse mai rai,
diga na tartsatsi, ko raɓa babu.
Kika biya mu daga albashinki,
kika zauna a bakin ramin har magariba
kina rubuta kuskurenki da hannunki.
Da ni ke rabon lamba, ta ranar nan zan ba ki.

Sagiru ya ce sunana na cikin littafin,
can ƙarshe, Tanko Mai Rijiya.
Ya ɗora min yatsa a wurin.
Tawada ce kawai, amma na daɗe ban ɗauke ba.

Yanzu gwiwa ta ƙi, igiya ta koma hannun yara.
Ɗalibanki na wucewa da sababbin na'urori,
suna gaishe ni da Baban Dakta.

In kin sauka, kin huta gajiya,
ki biyo ta unguwa da ma'auninki.
Rijiyar masallacinmu ta sake ja da baya,
jiya sai da aka ƙara wa guga igiya.