Kwanton Kurege a Bayan Kware

Tun daren jiya na jera kayan a zaure.
Bindigar Kawu Labbo, harba-ka-ruga,
mai wuya ɗaure da wayar keke.
Albarushi a ƙahon sa, baki toshe da tsumma.
'Ya'yan boris cikin gwangwanin tumatir,
roƙo na yi wurin bakaniken tasha.
Gwafa, zana, malafa mai yagaggen baki,
sai jarka biyu a jiƙaƙƙen buhun algarara,
ɗaya ta maƙogwaro, ɗaya ta ƙarfe.

Da assalatu muka fita, ni da Arzika ɗan ƙanwata.
A bazarar Sakkwato
wanda ya jira hantsi ya riga ya makara.
Sau uku ina shuka kankana a bakin Rima,
sau uku kurege na bin layin yana tonewa,
rami bayan rami, kamar shi ya taya ni binnewa.

Taku talatin daga ramukansu, kar a ƙara,
tsohuwar ba ta kai gaisuwa nesa.
Iska a fuska, rana a ƙeya.
Muka share tsidau, muka kori kunama ɗaya,
muka kafa sanduna, muka jingina zana,
na huda mata ido faɗin tafin hannu.
Gwafa ta shiga ƙasa, bindiga ta ɗora haɓa.
Ƙahon kuwa na tona masa rami a inuwa,
albarushi da rana ba sa ga maciji.

Labbo kan ce, Allah jiƙan rai,
“Ba kurege ka kada maharbi ba, ɗiyana,
rana ta.”

Na farko ya leƙo da hantsi,
ya tsaya cak kamar an kira sunansa.
Ƙara, hayaƙi, warin ƙibiritu.
Arzika ya ruga ya dawo da shi ta wutsiya.
Na biyu ya ci mana awa guda da rabin goro.

Daga nan sama ta sauko.
Kurciya ta yi shiru a kan aduwa.
Ƙarfen ya ƙi taɓuwa,
ina jiƙa tsumma ina shafa masa baya
yana huci kamar tanda.
Kawalwalniya ta ɗaga gonar ta rataye,
kurege ɗaya ya zama biyu, masu rawa,
na auna na sama, na harbi iska.

Ina ɗura wani, na ce, “Miƙo tsumma.”
Shiru.
Yaron da tun asuba bakinsa bai huta ba
ya jingina da sanda, ido a juye,
leɓe fari, goshi bushe ƙamas,
ko ɗigon gumi babu.
Jarkar sha na girgiza, ashe tun ɗazu ta ƙare,
kunya ta hana shi faɗa.

Na yar da bindiga a rairayi.
Ruwan ƙarfe, mai ɗumi, mai ƙanshin buhu,
na kwarara masa a ka, a wuya, a hammata,
na ɗiga masa saura a baki da murfi,
ina fifita da malafa, ina kiran sunan uwarsa
kamar tana kusa.

Da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa,
“Kawu, ga shi can.”

Ga shi kuwa, taku goma, ba talatin ba,
tsaye a bakin raminsa,
ya juya wa rana baya,
ya kifa wutsiya a ka, ya yi laima,
yana cin irina a tsanake.

Bindigar na kwance, bakinta cike da yashi.
Na goya yaron, na bar zana a kafe.
Kurege biyu na lilo a gwafa.
Gobe jarka uku zan ɗauko,
kuma kafin azahar muna gida.