Igiyar Turke

Guguwar teku ta kwana uku a Itoman,
ta yaye rufin masu kifi, ta kwantar da gonakin rake,
amma turken dukan nan na bayan gida yana tsaye.
Igiyar da aka naɗa masa ce ta ruɓe.
Na zo da sabuwa.

Ina ɗan sha uku na fara taka farfajiyar nan,
leɓe a fashe, riga a yage,
da sunayen yara huɗu a bakina kamar tsakuwa.
Na ce, Malam, koya mini duka.
Tsoho Zukeran bai dubi leɓen ba, ƙafafuna ya duba,
ya miƙo mini tsintsiya.

Wata biyar ina sharar daɓen katako.
Sannan ya ce tsaya. Na tsaya.
Ya ce wannan ba tsayuwa ba ce, jiran mota ne.
Yatsun ƙafa su kama ƙasa kamar saiwar ceɗiya,
numfashi ya gangara ƙasan cibiya ya sami wurin zama.
Shekara uku a kan kata guda:
taku, naushi, juyi, taku,
yana zagaya ni yana bubbuga kafaɗata
kamar mai cinikin kankana.

Ma'anar karate hannu wofi, in ji shi.
Naka kuwa cike yake, Seiki.
Je ka zubar, ka dawo.

Ban gane ba sai ranar kasuwa,
da wani matuƙin jirgi ya sha ya yi tatul,
ya bangaje shi, ya tofa masa yawu a kan takalmi,
ya kira shi busasshen kifi.
Kasuwa ta yi tsit. Na gyara tsayuwa,
zuciyata na cewa yau ake yin ta.
Tsohon ya rusuna,
ya ce yi haƙuri, na tare maka hanya,
ya ja kekensa muka wuce.

Kunya ta hana ni magana har gida.
Da zan jingine keken a gindin katanga
sai na ga ƙahonsa na dama, inda ya riƙe,
ƙarfe ne, amma ya lanƙwashe kamar ɗanyen kara.
Bai taɓa miƙar da shi ba.
Haka ya riƙa hawansa, a karkace, shekara ashirin.

Daga baya hannun nan ya fara rawa.
Hannun da ke fasa tayal goma a jere
ya kasa kai tsinken cin abinci baki.
Ya manta sunan 'yarsa Tsuruko,
ya manta nawa, yana ce mini ɗan aike.
Amma in na tsaya gabansa na ja numfashi
sai ya miƙe daga kujera ba mai tallafa masa,
ƙafafu su tuna abin da kai ya yar,
ya yi katar nan tun daga fari har ƙarshe, ba tuntuɓe,
ya rusuna wa bango,
sannan ya tambaye ni ko an ga takalminsa.

Bara muka kai shi kabarin danginsu,
mai siffar bayan kunkuru, can kan tudu yana kallon ruwa.

Yanzu ga ni durƙushe ina warware tsohuwar igiya.
A ƙarƙashinta katakon ya yi rami
daidai gaɓa biyu na dunƙulen hannu.
Na sa nawa a ciki.
Har yau bai cika shi ba.

Yaran nan huɗu, na manta sunan uku.
Na huɗun shi ke kawo mini kifi duk Talata.

Ina cikin ɗaurin ƙarshe na ji motsi a shinge.
Wata yarinya ce, jakar makaranta a baya,
ido jajir, hannu a dunƙule.
Ba ta yi gaisuwa ba.

Tsintsiyar tana nan bayan ƙofa,
ta ɗan cinye,
amma za ta yi.