Rani Uku na Tarwaɗa

Littafin yana nan cikin adakata,
gara ta ci masa kusurwa ɗaya.
Ni ne mai rubuta sakamako,
don ƙafata ta hagu ta ƙi gudu
tun ina ɗan shekara shida.

Shafin farko: Madarumfa, bayan an ɗaure gero.
Mushe Abarshi na lakwal ya zo da balo guda
da usur mai tsatsa rataye a wuya.
Alhaji Nomau mai gujiya ya tambayi kuɗin riga goma sha ɗaya,
aka faɗa masa, ya ja tsaki, ya sayi tara.
Sauran biyun Cima ta ɗinka da buhun gari,
ta tsoma su a baba har suka saje,
in dai daga nesa ka tsaya.

Sandunan gola rassan cediya ne, ɗanyu muka kafa su.
Raga kuwa tsohuwar komar Ɗan Jimma masunci,
ƙwallon da duk ya shiga sai ya fito da ƙarni.
'Yan Tibiri suka ce mana Tarwaɗa don su ci mana fuska.
Muka karɓe sunan, muka rubuta shi a ƙirji.

Tibiri huɗu, mu babu.
Safo uku, mu ɗaya.
Jiratawa biyu, mu biyu,
kuma da mun ci, ba don jakin Jari ba,
da ya tsinke ya tsaya a bakin raga yana kallon kowa.
Na rubuta shi ma. Ga shi nan: jaki, minti saba'in.

Rani na biyu muka koyi santsi.
Gonda mai yatsa shida ya tsare gida,
ana cewa yatsan nan haramun ne, alƙali ya duba doka ya rasa.
Ranar wata Lahadi muka hau bayan motar albasa zuwa Maraɗi,
muka sauka idanu jajur, ana tsammanin tsoro ne.
Su da takalma masu haƙora,
Sala'u da tafin ƙafa mai kaushi kamar bayan kada.
Saura kaɗan a tashi ya ɗaga ta daga tsakiyar fili.
Ban ga shigarta ba, alƙalamina ya faɗi ina nema.
Ɗaya da babu.
A daren nan mai tsire ya manta da lissafi,
Alhaji ya yi alkawarin riga biyu.

Ba su zo ba.
Aka karya darajar kuɗi, gujiya ta kwanta a shago.
Damina ta cika gulbi, ya lashe rabin fili.
Gonda ya bi hanyar Agadas,
wasiƙarsa ɗaya ce, ita ma tambayar bashi.
Sala'u ya koma ɗaukar kaya a Jibiya.
Aka mayar da Mushe wani ƙauye bayan Dakwaro,
ya bar mini usur, bai ce komai ba.

Wasan ƙarshe mu bakwai ne.
'Yan Gabi suka ara mana mutum biyu don kunya.
Ba a kai hutun rabi ba balo ta faɗa kan ƙayar aduwa,
muka tsaya muna jin numfashinta yana fita.
Wurin sakamako na bar shi fari.

Yanzu zogale ne a wurin, layi-layi,
jikar Cima ke ban ruwa.
Amma sanda ɗaya ta gabas ta yi saiwa.
Jiya na zauna a inuwarta, wani yaro ya ce,
Baba, wa ya dasa wannan?
Na ce, mai tsaron gida ne.
Ya waiga yana neman gidan.